Yakuwar Malam Rufa'i

Shafa'atu ta ɗaga labulen tantin, almakashi a hannunta, sai ta tsaya cak.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Yakuwar nan da ta kai mata ƙugu, wadda ta gama yi wa matan unguwarsu ta Barking a London alkawarin miyarta gobe, duk ta sunkuyar da kai. Alayyahun ya kwanta a bakin bokitinsa. Attarugu ya zubar da furanninsa, zogale kuwa ganyensa na ƙasa ya yi rawaya yana kakkaɓewa da kansa. Fitilu suna ci, 'yar fankar tana juyawa, ɗumin ɗakin yana nan yadda aka saba, amma shuka kam kamar an aiko mata da saƙon rasuwa. Ga wani wari yana tasowa daga ƙasar, irin na bakin kwata.

Lambun ba nata ba ne, na mahaifinta ne. Malam Rufa'i ya zo daga Kura a watan Yunin 1994 don a cire masa yanar ido. Mutum ne da ya tsufa a noman rani, tumatir da albasa da attarugu, bai san wani abu wai shi zama ba. Aikin ido ya yi kyau, amma sai tsoho ya shiga ramewa, ba don ciwo ba, don zaman banza a gidan da taga ba ta nuna komai sai bayan wani gidan. Ganin haka mijinta Maharazu ya samo katako da leda mai kauri ya haɗa tanti a ƙaramin ɗakin sama, ya manne cikinsa da foil, takardar nan mai sheƙi ta kicin, ya rataya dogayen fitilu. Iri kuwa ashe Baba ya taho da abinsa ƙulle a aljihun babbar riga. Ranar da maƙwabciyarsu Amamata, 'yar Kumasi, ta leƙo ta ga hasken, sai ta riƙe baki ta ce su yi hankali fa, police zai ce wiwi ne. Baba ya yi dariya har da hawaye, kuma tun daga ranar ya koma cin abinci.

Jibi Asabar zai koma gida. Ta yi booking ɗin jirgi, ta yi masa alkawari, shi kuma kullum zancensa ke nan, wai a kai shi kafin lokacin dashen tumatir ya wuce. A kan tafiyar nan ta ɓata da mutum biyu. Wanta Mashud ya bugo waya daga Kano yana cewa a riƙe Baba a can, domin kafin ya taho an taɓa tsintar sa a kasuwar Kura yana tambayar hanyar gidansa. Maharazu ma ya ce a kai shi wurin GP, likitan unguwa, a duba ƙwaƙwalwarsa, don shi ya ga wasu 'yan abubuwa. Shafa'atu ta yi tsalle ta dire. Mutumin da ba ya gani sosai, don ya ɓata hanya sau ɗaya shi ne za a ce ya ruɗe? Ubanta garau yake. Zai koma gidansa, ko da babu kowa a ciki sai 'yan haya tun rasuwar Inna, ya ci gaba da lambunsa, ya riƙa shan maganinsa na hawan jini da na suga da kansa kamar kowane babba.

"Ke Shafa, lafiya kike salati?"

Baba ne a bakin ƙofa, da farin tabarau da rigar sanyin Maharazu a kan jamfarsa. Ta matsa masa. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

"Baba, ko ƙishi ne? Shekaranjiya na ga sun ɗan yi laushi, sai na ƙara musu ruwa."

"Kin ƙara? Kin ƙara!"

Ban-ruwa aikinta ne tun lokacin da likita ya hana shi ɗaukar abu mai nauyi, kuma ita dai abin da ta sani tun tana yarinya shi ne, shuka ba ta sunkuyawa sai rana ta dake ta. Baba ya tura yatsa cikin ƙasar har gindi, ya zaro shi da baƙin taɓo, ya kai hanci ya sansana.

"Ɗaga bokitin nan ki ji."

Ta ɗaga da ƙyar. Ruwa ya tsiyayo ta ƙasa ya jiƙa mata safa, wasu ƙananan ƙudaje suka tashi buu.

"Yanzu taɓa ganyen. Mai ƙishi ganyensa laƙwas yake yi kamar tsumma, bakinsa ya bushe. Wannan fa? A cike yake, ya yi kauri, ya lanƙwashe ƙasa kamar farcen shaho. Wannan ba ƙishi ba ne, 'yar nan, shaƙe shi aka yi. Ke ba ki san saiwa ma numfashi take yi ba? Can gida rana ce ke shanye kuskuren mai ban-ruwa. Nan wa zai shanye? Waɗannan fitilun?"

Ya kama wata ƙaramar yakuwa ya tuge ta a hankali. Saiwar ta fito ruwan ƙasa, da yauƙi, ya murza ta da yatsu biyu ta saɓule.

"Mai lafiya fara ce tas kamar taliya. Kai, wannan ta'asa da me ta yi kama! Shekara da shekaru ina noma ban taɓa kashe shuka da ruwa ba, sai da na zo gidan 'yan boko."

Faɗa yake yi mata, amma wallahi daɗi take ji har cikin ranta. Ina Yaya Mashud ya zo ya ji? Wannan ne mutumin da ya ruɗe? Tana sauka ƙasa ta ɗauki waya ta kira Maharazu a wurin aiki, ta zayyana masa komai, har da kwaikwayon muryar Baba.

"To madalla," in ji shi. "Amma jug nawa kika zuba?"

"Ɗaya mana, na raba musu."

"Jug ɗaya ba zai mai da bokiti shida fadama ba, Shafa."

"To ko kai ne kake zubawa a ɓoye, Baban Rukayatu?"

"Ni da nake fita da duhu in dawo da duhu? Rukayatu kuma kin san ba ta shiga ɗakin, ta ce it smells funny, wai wari yake. Ki duba dai, ko wani pipe ne yake leaking."

Ta koma ta duba silin, ta shafa bango, ta bi bututun hita da hannu. Ko'ina a bushe. Ruwa dai ba ya tsami banza, ta faɗa a ranta, amma aiki ya yi mata yawa, ba ta tsaya bin diddigi ba. Yau ma hutu ta ɗauka daga ofishin council, wato ƙaramar hukumar da take wa aiki, don ta haɗa masa kaya, rabon da ta wuni a gida ranar aiki har ta manta.

Suka wuni ceton abin da zai cetu. Baba yana zaune a kujera yana ba da umarni, ita tana durƙushe. Ta zazzage kowace shuka a kan tsofaffin jaridu, ta datse ruɓaɓɓiyar saiwa da almakashin da ta zo yankan miya da shi, ta ƙara huda gindin bokitan da ƙusa mai zafi, ta zuba busasshiyar ƙasa daga buhu. Alayyahun ya riga ya tafi, Baba ya ce a zubar. Sauran ya ce suna da rabo.

"Amma ko ɗigo kada ya taɓa su sai ƙasar nan ta bushe ta yi fari. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

A watan Nuwamba ranar London ba ta da haƙuri. Ka idar da azahar, kafin ka gama cin abinci la'asar ta shigo, kafin ka juya gari ya yi duhu. Tana guga a falo ta ɗaga murya ta gaya masa la'asar ta yi, sai ta ji ƙarar buta a sama. Baba tun zuwansa ya ƙi yin alwala a banɗaki. Ya ce shi ba zai ambaci sunan Allah a gefen masai ba, mutanen da suka haɗa wurin wanka da wurin bayan gida a ɗaki ɗaya sai dai a yi musu addu'a. Shi ya sa ta ajiye masa buta da roba a ɗakin tantin, inda yake shimfiɗa dardumarsa saboda ɗumin fitilu. Kullum ta dawo aiki robar a wanke take, babu ko ɗigo, tana ta yaba tsabtar tsohon.

Ta hau da gogaggun rigunansa a hannu. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Baba ya gama wanke ƙafa, ya ɗauki robar da hannu biyu, ya ɗaga labulen tantin da kafaɗa, ya juye ruwan a gindin yakuwa.

Saura kaɗan rigunan su faɗi. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai kuma dariya ta taso mata, ta toshe da gefen mayafi. Ashe ɓarawon a cikin gida yake! A Kura ma haka yake yi, a gindin lallen Inna yake tsugunawa ya yi alwala, don ya ce ruwan da ya wanke gaɓɓan salla ba ya bin kwata. Lallen nan bai taɓa sanin wani ban-ruwa ba sai wannan. Sabo ne kawai, hannu ya riga tunani. Ta zauna a kan matakala tana jira ya idar ta tsokane shi, har tana shirya yadda za ta ce masa, to Baba, yau wa ye ɗan boko?

Ya yi raka'a huɗu, ya sallame, ya yi 'yan addu'o'insa. Ta miƙe ke nan sai ya fito da buta a hannu, ya wuce ta, ya tara a famfo, ya koma. Ta ji ruwa yana zuba a roba.

"Baba, alwalar ce ta karye?"

"Wace alwala? La'asar zan yi. Garin nan in ka yi wasa sai magariba ta riske ka."

"Ai ka yi la'asar, Baba. Yanzun nan."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Ni na yi salla ban sani ba? Ke dai akwai ki da surutu. Matsa mini."

Ta matsa. Yana gamawa ya ɗauki robar, ya ɗaga labulen, ya juye wa attarugu. Ya fuskanci gabas ya tayar da iƙama.

Ta zauna a bakin ƙofa. Ta so ta ce nafila ce, amma babu nafila bayan la'asar, kuma shi ne da bakinsa ya koya mata haka tana 'yar ƙarama. Raka'a huɗu ya kawo cif, babu kuskure ko ɗaya. Tana kallon bayansa, abubuwa suka riƙa dawo mata. Duk Asabar da Lahadin da ta leƙo ta gan shi a kan darduma ta koma da sanɗa, har tana yi wa Amamata alfahari wai Baba tun da ya zo London ibada ta ƙaru. Ranar da ya ce ba a ba shi abincin rana ba, ta yi wa Rukayatu faɗa har yarinyar ta yi kuka tana cewa he ate it, Mum, I saw him, wai da idonta ta ga ya ci. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

Ya sallame. Ya ɗan zauna yana jan carbi, yana kallon hasken da ke fitowa ta gefen labule. Can sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗauki buta.

Ta bi shi da ido ya je famfo ya dawo, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa, komai a jere yadda ya kamata. Zogale ne ya samu nasa rabon. Wuni nawa aka yi haka tana can tana buga takardun mutane? Sai maganin ya faɗo mata a rai. A nan a jakarta yake, ita ke ɓallo masa safe da yamma. A Kura kuwa a aljihunsa zai zauna. Mutumin da ya yi la'asar sau uku, sau nawa zai sha maganin suga kafin wani ɗan haya ya lura ba a buɗe ƙofarsa ba?

"Wayyo Allah, Baba," ta faɗa a hankali, ba don ya ji ba.

Ta lallaɓa ta sauka, ta tsaya a gaban waya. Ta ɗaga, ta ajiye. Wa za ta kira? Maharazu, ta ce masa ya yi gaskiya? Ko Yaya Mashud da ta kashe wa waya a kunne? Wannan duk mai sauƙi ne, kunya ce kawai, za ta haɗiye. Abin da ya gagare ta shi ne yadda za ta dubi tsohon nan ta ce masa ba za shi gida ba, kuma ta gaya masa dalili. Mutum ne da bai taɓa yarda an riƙe masa hannu ba ko lokacin da ba ya gani. In ta ce masa hankalinsa ne ya fara tafiya, ko dai ya ƙaryata ta ya yi fushin da ba a taɓa gani ba, ko kuma ya yarda, wannan kuwa ya fi muni.

"Shafa! Ke Shafa'atu! Zo nan!"

Ta hau da gudu. Yana tsaye a gaban tantin, labule a ɗage, yatsansa baƙi ƙirin da taɓo. Sabuwar ƙasar da suka zuba da rana ta jiƙe sharkaf, ruwa ya biyo ta hudojin da ta yi ya kwanta a kan leda.

"Wa yake kashe mini shuka da ruwa a gidan nan? Zo ki taɓa ganyen nan. Mai ƙishi laƙwas yake yi kamar tsumma. Wannan fa? Shaƙe shi aka yi. Ke ba ki san saiwa ma numfashi take yi ba?"

Kalma a kan kalma, kamar yadda ya faɗa da safe, har da yadda yake kaɗa yatsa. Robar tana nan a gefen ƙafarsa, da sauran danshi a cikinta. Shafa'atu ta dubi robar, ta dubi fuskarsa. Ransa a ɓace yake da gaske, ɓacin ran manomin da aka yi wa ɓarna.

"Ni ce, Baba."

"Na sani ai! Wa zai yi in ba ke ba?"

"Ka yi haƙuri."

Ya yi tsaki, ya goge yatsa a jikin jarida, ya shafa kan yakuwar kamar mai lallashin jariri.

"Yaushe ne ma tafiyar tawa?"

"Jibi."

"Jibi." Ya girgiza kai. "To in na tafi wa zai kula da waɗannan bayin Allah? Ke hannunki ba na shuka ba ne. Ko mako ba za su yi ba."

Sai ta ga ƙofa ta buɗe inda ba ta zata ba.

"Ni ma abin da nake tunani ke nan, Baba. Da za ka ɗan ƙara kwanaki ka koya mini sosai. Tikiti ba wuya, sai a yi cancel a sake wani. Bizar ma sai mu je ofishin shige da fice na Croydon a ƙara."

"Tumatir ɗina fa?"

"Yaya Mashud zai sa a dasa."

"Mashud! Wanda bai san bambancin tumatir da gauta ba?"

Ya juya ya dubi tantin. A waje gari ya fara duhu, jirgin ƙasa na District line ya wuce ta bayan gidaje, tagar ta ɗan yi rawa.

"To," ya ce daga ƙarshe. "Ni ban taɓa juya wa shuka baya tana wannan hali ba. Sai na ga sun ɗago kai. Amma ki ji da kyau, ranar da suka miƙe, ranar zan tafi. Kada ki zo mini da wani zance."

"Ranar da suka miƙe, Baba. Na yarda."

"Madalla." Ya leƙa taga, ya ga duhu, ya zabura. "Subhanallahi, magariba ta yi ina nan ina surutu. Ina butata?"

Butar tana bayan ƙofa, babu ruwa a ciki. Shafa'atu ta sunkuya ta ɗauka. Ta ɗan tsaya tana kallon yakuwar da ta sunkuyar da kai a ƙarƙashin fitila, sannan ta tura masa robar kusa da kujerarsa, ta nufi famfo ta cika butar har baki.